Kujerarka Tsakanin Sifika Biyu

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da girmamawar da ta dace da kai. Da wasiƙar duniya ce, da na tambaye ka lafiya da gajiya da yadda kake fama da sanyi. To inda kake ba a aiko da amsa, sai dai in ce Allah ya sa kana cikin ni'ima, ya sa makwancinka ya fi gidan nan namu na Barking ɗumi da yalwa.

Ummi ce ta buɗe mini shafin nan na intanet tun kana raye, kuma ban taɓa sa komai a ciki ba sai barka da Juma'a. Yau doguwa zan rubuta. Na san jama'a za su karanta, har da matan da suka ji rabin labarin suka ƙarasa sauran da bakinsu. Su karanta mana. Na gaji da yi wa kowa bayani a waya ɗaya bayan ɗaya.

Makon jiya na fita takaba. An yi addu'a, an ci waina, kowa ya kama hanyar tashar jirgin ƙasa ya tafi gida. Ana ta ce mini sannu da fita, ni kuwa ban ga inda zan fita in je ba. Na gaji, Baban Ummi. Gwiwoyin nan da aikin kicin ɗin makaranta ya cinye sun ƙara lalacewa. Na gaji da amsa gaisuwa, na gaji da ruwan saman garin nan da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Amma duk ba su ne suka fi gajiyar da ni ba. Faifanka ne.

Ka tuna ranar da ka kawo ni ƙasar nan? Daga Zariya sai wani ɗan gidan haya a unguwar Deptford ta London, hawa na can sama, ga warin danshi. Ba mu da labule na kirki, tukunyarmu ɗaya, amma bango guda cike yake da faifan garmaho. Na zaro ɗaya na ga wasu mutane da gashi har kafaɗa, riguna duk furanni, launi ya cakuɗe a bayansu kamar an kifar da ruwan rini. Na ce maka, "Waɗannan matan fa, su waye?" Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce, "Maza ne, Rabi. Har da mai 'ya'ya a ciki." Na ce a raina, na shiga uku, wane irin miji aka ba ni.

Ummi ta ce sunan kiɗan psychedelic rock. Har yau harshena bai iya naɗa shi ba. Kai kana cewa kiɗan samarin shekarun sittin, ni kuma tun daren farko na raɗa masa kiɗan aljanu, sunan kuma ya bi shi. Ba ka taɓa jin haushi ba. Cewa kake, "Aljanun ma ai suna da gwanaye."

Sunayensu na Turanci duk ba su zauna mini ba, laƙabin da ka ba su ne na riƙe. Akwai mai jita da kake kira Sarkin Goge, ka ce yana sa waya ta yi kuka kamar gogen da kake bi kana yaro a Tudun Wada. Akwai mai ganga da ka sa wa Ruwan Agusta, don ka ce haka ruwa yake sauka a kan kwanon ɗakin Inna, mahaifiyarka. Akwai mai ogan, abin kiɗan nan da ake dannawa da yatsu, ka ce shi ne Ɗan Algaita, wanda ba ya tsayawa shan iska. Sai wani mai jita mai kauri da ka ce shi ne Ginshiƙi, ba wanda yake kallonsa, amma in ya cire hannu ɗakin ya rushe. Ƙungiya-ƙungiya ne, wasu na nan Ingila, wasu na Amurka, amma kai duk 'yan gida ɗaya ka ɗauke su.

In ka zo kan waɗanda suka mutu da ƙuruciya sai muryarka ta sauka. Ka ce, "Allah ya ba su baiwa, ƙwaya ta cinye su. Yara ne fa, Rabi, ba su kai Ummi ba." Kai da ko sigari ba ka taɓa sa wa a baki ba, ka zauna kana jimamin 'ya'yan wasu da ba su san da zamanka a duniya ba.

Ranar Asabar a kasuwar Deptford ni ina can wajen doya da manja da busasshen kifi, kai kana durƙushe gaban kwalayen tsohon Baturen nan mai tukku a ƙeya, kana zaro faifai kana karkata shi ga haske don ganin ko ya karce. Sai in gama cefane, jakunkuna suna yanka mini yatsu, in zo in tsaya a kanka. Kullum ka ce saura kwali ɗaya. Wallahi da yawan lokaci ji nake kamar in kifar da teburin.

Da muka dawo Barking, kafin a ɗaura gado ka riga ka kafa kayan kiɗanka. Sifika ɗaya ka ɗora a kan kanta kusa da ƙofar kicin, ɗayar ka kai can bakin taga bayan labule. Kujerarka ka ja ta tsakiya, kana aunawa da taku kamar mai fitar da harsashin gini. Duk wanda ya matsar da ita ko da kaɗan ne sai ka gane.

Ina kicin, fanka tana ta huci a kan murhu, mai yana tafasa, abin da yake shigo mini ta ƙofa ba ya wuce ganga da kukan jita. Wani lokaci kamar ana yanka ƙarfe, wani lokaci ta yi shiru, sai kuma ta sake ƙwalla ihu ba gaira ba dalili. Shi ne kiɗanka a wurina, shekara kusan arba'in.

Kai kuma ba ka gajiya da kira. "Rabi, zo ki zauna nan, ara mini kunnenki kaɗan." In ce, "Sarkin Gogenka ne zai tuƙa mini tuwon?" Ka ce, "Tuwo ya jira." In ce, "Tuwo ba ya jira." Mun yi wannan musayar har ta zama kamar gaisuwar safe, Ummi ma tana ƙarama ta haddace, tana riga mu faɗa.

Zan faɗa a nan don masu karantawa su ji: ban taɓa ganin kiɗa ya sa ka jinkirta salla ba. Lokaci na yi, ko Sarkin Goge yana tsakiyar kuka, sai ka ɗaga allura ka nufi alwala. Azumi na kamawa ka rufe garmahon da ƙyalle, ba ka buɗewa sai bayan Salla. Juma'a ko ƙanƙara ake yi sai ka hau jirgi zuwa masallacin Regent's Park. Wannan na gani da idona, kuma zan maimaita shi a gaban kowa.

Da ciwo ya ci ƙarfinka aka sauko da gadonka falo, ba ka iya zama a kujerar. Ummi ce take sa maka faifai in ta zo. Wata rana da yamma ka kira ni da 'yar muryar da ta rage maka, ka nuna kujerar da haɓa. Na ce bari in sauke maka kunu. Kunun da ko cokali biyu ba ka sha ba. Ban san shi ne kiran ƙarshe ba, ai da wuya mutum ya sani.

Bayan addu'ar arba'in Alhaji Babba ya kira ni daga Zariya. Ka san yayanka, ba ya doguwar waya, amma ran nan ya daɗe. Ya ce ya ji wa'azi cewa wanda ya mutu ya bar kayan kiɗa, duk sanda aka kunna sai an rubuta masa, yana kwance abin yana bin sa. Ya ce, "Rabi, ki taimaki ɗan'uwana. A farfasa su. Kada a sayar, kada a bayar." Ba faɗa ya yi mini ba. Kuka yake yi, dattijo mai jikoki, har na ji ana ba shi haƙuri a gefe. Shi ya goya ka bayan rasuwar Baba, ni na san abin da kake a wurinsa.

Kuma yana da ta cewa. Ummi kaɗai Allah ya ba mu, ita tana da rabin abin da ka bari, ni ina da tumuni, sauran na Alhaji ne. Gidan nan na council ne, haya muke yi wa hukuma, ba ya cikin gado. Abin da ka bari shi ne filin nan na Zariya da ɗan abin da ke banki, sai wannan bangon na faifai. Ya ce su ba za a sa su a rabo ba, a rabu da su kawai kafin ranar da za a zauna, bayan na fita takaba.

Na ce masa to. Me zan ce? Mutum ya ce mini mijina yana cikin nauyi kuma sauƙinsa yana hannuna. Na ajiye waya.

Da na gaya wa Ummi ta kira mini motar sharar council ta zo ta kwashe, sai yarinyar nan ta tsaya tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Ka san ta, ina Hausa tana Turanci. Ta ce, "Mum, that's Dad's whole life." Na ce rayuwarsa ta can nake ji, ba ta nan ba. Ta ce ita ma tana da rabi a ciki. Na ce rabin zunubin za ki ɗaukar masa? Ta ɗauki jakarta ta fita, ta ja ƙofa da ƙarfi. Kwalaye kawai ta aiko mini da su, ita ba ta zo ba. Ga yayanka yana kuka a can, ga 'yarka tana fushi a nan, ni kuma an tsare ni a ɗaki ba dama in leƙa ko bakin titi in sha iska.

Na fara zubawa a kwali, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. Nauyi gare su, kai jama'a! Ban san takarda da roba suna nauyi haka ba. Kowanne ka sa masa rigar leda, ba ƙura ko ɗaya. Ni da nake fama da kai ka ɗauke safa daga kan matattakala, ashe ka iya tsafta in ka ga dama.

Wata Laraba bayan Azahar, gari ya yi duhu da wuri, yayyafi yana ta abinsa. Falo ya cika da kwalaye har kan doguwar kujera. Bayana ya riƙe, na duba ban ga wurin zama ba sai kujerarka. Tun da ka rasu ba wanda ya zauna a kai, masu gaisuwa ma kewaye ta suke yi. Na zauna don dole.

Daga nan na ga akwai faifai ɗaya a kan garmahon, wanda Ummi ta sa maka na ƙarshe, ba wanda ya cire. Na daɗe ina kallonsa. Sai na ce, kafin a kai su bola, bari dai in ji abin da ya sa mutumin nan yake ta kirana. Na yi a'uzubillahi, na goge shi da ƙyallen nan naka mai laushi, na hure allurar yadda kake yi. Ashe ido ya daɗe yana koyo. Na ɗora, na koma na zauna.

Baban Ummi, akwai mai waƙa.

Daga sifikar bakin taga wata murya ta fito, siririya, a hankali, kamar mai rarrashin jariri. Wani saurayi yana waƙar gida da ya bari, da safiyar da yake so ya sake gani. A ƙarƙashinsa Ɗan Algaita yana shimfiɗa sauti mai taushi, bai yanke ba, bai yi gaggawa ba. Yaron yana kai ƙarshen baiti ya yi shiru, sai daga sifikar ƙofar kicin jitar nan ta tashi. Ita ce dai, wadda na sani, mai ihu ba gaira ba dalili. Ashe amsa masa take yi. Ya faɗa, ta amsa. Inda ta yi shiru, shi take saurare. Inda ta ƙwalla ƙara, abin da ya kasa faɗa da baki ne take ƙarasa masa.

Amshi kawai nake ji duk shekarun nan. Ban taɓa jin waƙar ba.

Can tsakiya sai jitar ta bar wurinta, ta taso daga hagu ta bi ta kaina ta koma dama, ta sake dawowa, kamar mai goge yana zagaya fili. Har na waiga, wallahi. Ruwan Agusta ya sauko, da farko ɗis-ɗis, sannan ya ɓarke. Na rufe ido sai ga ni a ɗakin Inna a Tudun Wada, ina amarya, ruwa yana dukan kwano, kana ce mini London ma ana ruwa, ba zan yi kewa ba. Ƙarya ka yi mini, ba irinsa ba ne. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai, don ranar mutane sun yi yawa kuma ana ta ce mini in yi haƙuri.

Na kira Ummi, ban ko gaishe ta ba, na ce ashe akwai mai waƙa a ciki. Sai ta ce, "Mum, where are you sitting?" Na ce a kujerar babanki. Ita ta yi mini bayani cewa a zamanin haka suke ɗaukar sauti, su raba shi biyu, murya a gefe ɗaya, wasu kayan kiɗan a ɗaya gefen, sai wanda ya zauna a tsakiya ne yake jin abin a haɗe. Kafin Magariba sai ga Ummi ta iso, ko rigar ruwa ba ta ɗauko ba.

To kai ma da naka. Mutum mai gyaran siginar jirgi, wanda ya san inda kowace waya ta nufa, ka kasa cewa, Rabi, rabi kawai kike ji? Ko ka juyo da sifikar tagar nan ta kalli kicin sau ɗaya? Kai dai zo ki zauna, zo ki zauna. Na yi ta juya abin, sai na ga wataƙila ba bayani kake so ka yi mini ba, so kake in zauna kusa da kai. In haka ne, ai sai ka faɗa. Mu biyu duk bakinmu da nauyi.

Daga ranar na daina zubawa a kwali, na koma zarowa. Kullum bayan Azahar in zauna in sa ɗaya. Yanzu ina gane Sarkin Goge ko ban ga hotonsa ba, yadda yake jan sauti ɗaya ya riƙe shi har sai ka ce ya tsinke, sannan ya sake shi a hankali. Na gane akwai masu jita da yawa, kowa da hannunsa. Wani garaje gare shi, wani kuwa kamar yana jin kunya. Akwai wani faifai da gefe guda waƙa ɗaya ce tal, ta fara kamar ba za ta je ko'ina ba, ta tattara kanta, ta kai mutum nesa, ta dawo da shi. Akwai waɗanda har yanzu aljanun ne, ba zan ɓoye maka ba, na ɗaga allura na ce Allah ya shirya.

Wanda ya fi shiga raina Ginshiƙi ne. Sai da na yi kwanaki kafin kunnena ya kama shi. Yana can ƙasa, bai neman a yaba masa, yana ta maimaita abu ɗaya don sauran su samu inda za su taka su yi tsalle. Na ce Allah sarki, wannan ya san aikin gida.

Sai dai duk daɗin da na ji, tsoro yana zaune a gefena. Faifai yana juyawa, maganar Alhaji tana juyawa. In yana da gaskiya fa? In duk waƙar da na saurara wani dutse ne nake ɗora maka? Sau da yawa a tsakiyar waƙa nake tashi in kashe, in ɗauki carbi in yi ta nema maka gafara, gobe kuma in sake kunnawa. Wannan kai da kawowar ta fi ciwon gwiwa gajiyar da ni.

Na tambayi malamar da take zuwa yi mana karatu ranar Lahadi. Ta ce malamai sun saɓa a kan kiɗa tun da daɗewa, kuma wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Na faɗa wa Alhaji, ya ce malaminsa ya ce wanda ya buɗe ƙofa yana da kaso a duk wanda ya shiga. Ni ba malama ba ce, Baban Ummi. Abin da na sani a duniya tukunya ce da tarbiyyar 'ya ɗaya. Amma na san abin da kowace mace ta sani game da gado: abin da aka raba aka ba ka ya tashi daga na mamaci, ya zama naka.

Shekaranjiya aka zauna rabon, ta waya mai hoto. Alhaji da malamin da zai raba suna zaure a Zariya, ni da Ummi muna falo. Da aka zo kan filin, malam ya fara bayanin tumunina, sai na ce a dakata. Na ce ba na son komai a filin. A sayar da nawa kason a haƙa maka rijiya a inda ake wahalar ruwa. Faifan kuma a sa mini su a matsayin rabona, gaba ɗaya, da garmahon da sifika biyun da kujerar. Su tashi daga sunanka su dawo sunana. In akwai abin da yake bin su, ya biyo ni.

Ummi ta riƙe mini hannu ta ce ta bar mini nata kason a cikinsu. Da Hausa ta faɗa, karyayya, amma Hausa ce. Malam ya ce in magada sun yarda, shi ba shi da ta cewa a kan wa ya ɗauki me.

Alhaji ya matso kusa da wayar. Sannan ya ce, "Rabi, kin san abin da kike ɗauka?" Na ce na sani, Yaya. Ya ce, "Filin nan fa shi ne komawarki gida." Na ce shi ma na sani. Ya share fuska da hannun riga, ya ce tun kana ɗan ƙarami haka kake, in an ji goge a unguwa sai an nemo ka da bulala, kuma gobe ka koma. Ya ce rijiya ba ta wanke garmaho, amma ya yarda, Allah ya sauwaƙe mini. Bai sa albarka ba, bai kuma sake kirana ba. Ban ga laifinsa ba, ƙaunarka ce take cin mu duka.

Kai ka san abin da filin nan yake a wurina. Duk sanyin da na sha a tashar jirgi, duk tukwanen da na kankare a makarantar nan, da shi nake rarrashin kaina. Ɗaki biyu da rumfa da bishiyar mangwaro, in tsufa inda rana take fitowa da gaske. Yanzu babu. A Barking zan ƙare, ina jin jirgin District line yana wucewa ta bayan gida. Ba zan ce maka bai yi mini ciwo ba, ya yi. Matan nan suna cewa Maman Ummi ta sayar da ƙasar haihuwa ta sayi kiɗan Turawa. Ban da ƙarfin musu da su, kuma ba su yi ƙarya sosai ba.

Amma ba zan iya farfasa su ba bayan na ji abin da ke ciki, kuma ba zan iya barin su da sunanka ina kwana da zullumi ba. Hanyar da na gani ke nan, na bi. In kuskure ne, nawa ne.

Ya Allah, Kai ne masanin abin da malamai suka saɓa a kai. Ga bawanka, ya tsai da salla, ya ciyar da iyalinsa da halal, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa duk wanda ya sha ruwan rijiyar nan ladan ya iske shi. In akwai laifi a cikin sautin nan, to kayana ne yanzu, kuma hannuna ne yake ɗora allura. Ka tambaye ni, Ka bar shi ya huta. Ka sanyaya zuciyar Alhaji, Ka yi wa Ummi albarka. Yaran nan masu gashi har kafaɗa kuma, da suka ɗebe wa baƙo kewa a ƙasar sanyi, al'amarinsu yana hannunka, Kai ka san su fiye da mu.

Na mayar da faifan duk a kan kanta, ko da yake na san ban bi jerinka ba, ka yi haƙuri. Kujerar tana nan inda ka auna, ban matsar da ita ba. A kanta nake rubuta maka wannan. Na ɗora ruwan tuwo tun ɗazu, na ɗan tukunya, na mutum ɗaya. Na ji ya tafasa, na je na kashe wutar na dawo, don gefen farko na faifan da na sa bai ƙare ba.

Ka yi gaskiya, Baban Ummi. Tuwo yana jira. Ga ni na zauna.

Wassalam.

Matarka,
Rabi, Maman Ummi
Barking, London